Ƙwayayen da Malam Gwadabe Ya Bari

Ban taɓa ganin namiji mai son kaji irin Malam Gwadabe, mijin yayata Fatsuma, ba. Allah ya jiƙansa. Da ya yi ritaya daga sakateriya a Dutse, sa'o'insa duk sun koma gindin dalbejiya suna gardamar siyasa, shi kuwa sai ya je wurin mai gyaran firji ya ɗauko wani mataccen ƙaramin firji a bayan adaidaita. Ya yi mako guda yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe a tsakar gida. Ya sa masa fitilu biyu a ciki, da 'yar fanka, da ma'aunin zafi, ya jona shi da batirin sola, sannan ya sanar da gida cewa wannan injin ƙyanƙyasa ne. Bai ajiye shi a akurki ko a zaure ba. A ɗakinsa ya kafa shi, kusa da gadonsa.

Yaya Fatsuma ta sa shi gaba da tsiya. Idan na bugo mata waya daga Taura na tambayi lafiyar Malam, sai ta ce, "Yana nan kwance a kan ƙwai, uwar kaji ke nan." Ina jiyo shi daga can yana dariya yana cewa a gaishe ni. Kuma mutum ne da ba ya aiki da baki rufe. In zai juya ƙwai sai ya faɗa, in zai ƙara ruwa a tasar da ke cikin injin sai ya faɗi dalili, ita kuma tana tankaɗe ko tsinke zogale tana cewa, "To, mun ji, likita." Ta sha rantse mini cewa ko kalma ɗaya ba ta saurara.

Kajin nasa ba wasu na a zo a gani ba ne. Durgu ne, irin masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka ce cikinsu zai share ƙasa, gashinsu kuma wake-wake. Amma daga gidan mahaifiyarsa, Inna, a Miga ya ɗauko irin, tun tana raye. Annoba ta bi ta kansu har saura kaji biyu da zakara ɗaya, su kuma kajin biyu malalata ne, in zafi ya yi sai su tashi su bar ƙwai ya lalace. Abin da ya sa ya ƙera injin ke nan. Ya tara ƙwansu ashirin da wani abu ya jera a ciki, ya yi wa kowanne alama da biro a gefe ɗaya don ya san wanda ya juya.

Ƙwan bai kai rabin wa'adinsa ba Malam ya cika. Da hantsi ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ko da na sauka daga motar Taura har an dawo daga maƙabarta.

Na tarar da yayata a zaune a kan tabarma cikin mata, idonta a bushe. Ana yi mata gaisuwa tana amsawa daidai, har da tambayar mutanen gida. Wannan bushewar ido ta fi kuka ba ni tsoro. Na kuma tarar da kwaɗo, sabo fil, rataye a ƙofar ɗakin Malam.

Wansa ne ya sa shi, Alhaji Misbahu, wanda ya taho daga Miga. Dogon tsoho ne, manomi, ba ya yawan magana, kuma in ya faɗa to ya faɗa. Suna dawowa daga binnewa ya kira liman da maƙwabta biyu, ya ja ƙofar a gabansu, ya kulle, ya jefa mukulli a aljihun 'yar cikinsa. Ya ce ko allura ba za ta fita daga ɗakin ba sai 'ya'yan marigayi sun haɗu an yi rabon gado, kuma hakan sai bayan arba'in, don babban ɗan yana aiki can kudu. Kowa ya ce Alhaji ya yi daidai. A wannan ruɗani ba wanda ya tuna da ƙwai, ita kuwa wadda ta tuna ba ta da bakin magana a ranar.

Sai ga ɓarna ta biyu. Jajiberin sadakar uku baƙi sun cika gida, matan unguwa suka ɗora tukwane a bayan ɗakin girki. Suka ga kaji uku suna yawo. To, a ƙasar nan kaza ta mace ce, wa zai kawo a ransa cewa maigida mai furfura ne da su? Suka ce na Fatsuma ne, kuma Fatsuma ba za ta hana baƙin mijinta ba, ba sai an dame ta da tambaya tana cikin wannan hali ba. Suka sa aka yanka duka ukun. Don Allah suka yi, na sani, amma da na ga gashin wake-wake a cikin kwandon shara sai da na yi salati.

Na rasa yadda zan gaya mata, ashe ta riga ta sani. Ta ce da asuba ba ta ji carar zakaran ba.

Bayan an yi addu'ar uku an watse, muna zaune mu biyu a ɗakinta, ta jingina kanta da bango. Bangon nan shi ya raba ɗakinta da na Malam. Na ɗauka barci ne ya ɗauke ta, sai na ji ta ce, "Ikilima, kina jin fankar?"

Na kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa ina jin wani ɗan ƙugi.

Ta ce, "Tana aiki. Amma ruwan tasar ya ƙafe, a wannan zafin ba ya wuce kwana biyu. Kuma tun ranar ba a juya su ba. In ba a juya ba tsakon mannewa yake yi da ɓawo."

Na dube ta. Wannan ita ce matar da ko kalma ɗaya ba ta saurara.

Ta ce, "Su kaɗai suka rage. In suka mutu, shi ke nan."

Ban tsaya neman shawara ba, na yafa mayafi na nufi zaure. Alhaji Misbahu na zaune da carbi shi da wasu dattawa. Na durƙusa na gaishe su, na ce ina son magana da Alhaji. Ya taso zuwa bakin soro. Na ce masa akwai ƙwai a cikin inji a ɗakin Malam, ana bukatar mukulli a shiga a juya su.

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "Ƙwai?"

"Ƙwai, Alhaji."

"Ikilima, ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba, ke kuma ƙwai ne a gabanki?"

Raina ya ɓaci, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Na ce ai ba soya su za mu yi ba. Ya ce ko ma mene ne, abin da ke ɗakin nan ya zama haƙƙin magada, shi kuma ba zai tsaya gaban Allah da haƙƙin wani a wuyansa ba. Ya ce, "Da mahaifinmu ya rasu, garmar shanu ɗaya aka ɗauka kafin rabo, aro ma aka ce. A kanta ƙaninmu Sagiru ya daina gaishe mu, har ya koma ga Allah bai taka gidana ba. Ba zan bari a yi wa 'ya'yan Gwadabe haka ba. Yau in na buɗe don ƙwai, gobe wani zai ce agogo ya ɓata."

Na koma ciki ina huci. Na gaya wa yayata cewa a ba ni taɓarya kawai, ni zan yi maganin kwaɗon. Ba ta ko dube ni ba. Ta miƙe, ta saka dogon hijabinta na takaba, ta fita tsakar gida, ta tsaya a bayan labulen soro. Ta yi sallama da muryar da ban san tana da ita ba, a hankali, ba rawa.

Ta ce, "Alhaji, ban ce ka ba ni mukulli ba. Riƙe abinka. Amma ka rufe rai a ɗakin nan."

Ya ce, "Fatsuma, ƙwai ba rai ba ne."

"Ka buɗe ka duba da idonka. In ba ka ga rai ba ka mayar da kwaɗonka, ba zan sake ɗaga maganar ba."

Tsohon nan sai da ya aika aka kira liman. Wallahi sai da liman ya zo ya tsaya, sannan ya ciro mukullin. Ɗakin na buɗewa ƙamshin turaren Malam ya fito, ga hularsa a kan matashi inda ya ajiye ta. Yayata ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta tsallaka ba. Daga nan ta riƙa ba da umarni. Ya wanke hannu tukuna. Ya saki labulen taga don ɗakin ya yi duhu. Ya buɗe injin kaɗan, ya ɗauko ƙwai ɗaya, ya mayar da murfin maza. Na miƙa masa wayata da fitila a kunne, ta ce ya ɗora ƙwan a kan hasken ta wajen faffaɗan kan.

Ƙwan ya yi ja a hannunsa. Ga jijiyoyi sirara sun bazu a ciki, ga wani duhu a tsakiya. Alhaji ya matso da fuskarsa. Sai duhun ya motsa.

"Subhanallahi!" Saura kaɗan ya saki ƙwan. Ya juya wajen liman. "Malam, motsi yake yi."

Liman ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce abin da zai lalace in an bar shi, kula da shi ma kiyaye haƙƙin magada ne.

Na ɗauka magana ta ƙare, za a ba mu mukulli. Ina! Ban san Alhaji Misbahu ba. Ya ce ya ji ya gani, amma mukulli ba zai bar aljihunsa ba, kuma ba mai shiga ɗakin sai shi. Shi zai riƙa juyawa. Fatsuma ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya masa yadda ake yi, ni kuma in zama shaida cewa ba abin da ya fita. Mutumin da ya ce gobe zai koma Miga don ana jiran sa da kai taki gona, sai ga shi ya aika a kawo masa kayan sawa, ya shimfiɗa tabarma a zaure.

Haka muka shiga wani sabon aiki. Bayan sallar asuba, bayan azahar, da kuma gab da magariba, sai ka ji sallamarsa a tsakar gida da ƙarar mukulli. Hannunsa hannun fartanya ne, yatsu kamar rogo, ga shi yana lallaɓa ƙwai yana zufa. Yayata na daga bakin ƙofa tana cewa, "A hankali, Alhaji. Wancan ba ka juya shi ba, ga alamar biron nan a sama." Ya ce ya juya. Ta ce bai juya ba. Ya duba, ya yi tsaki, ya juya. Ranar da ya ɗebo ruwan randa mai sanyi zai zuba a tasa, ta ce, "Haba Alhaji, kashe su za ka yi? Mai ɗumi ake sawa." Ya tsaya da moɗa a hannu kamar yaron da aka kama. Ni kuwa shaida, ina can ina toshe baki da mayafi.

Abin da na lura da shi, kalmomin da take faɗa ba nata ba ne, na Malam ne, har da yadda yake jan su. Alhaji ma ya lura. Wata rana ya ɗago ya ce, "Haka Gwadabe yake magana tun yana yaro, komai sai ya yi masa bayani." Ta ce, "Haka yake." Daga nan yayata ta fara cin abinci. Takan tambaye ni ko azahar ta yi, ita da a kwanakin farko ba ta san safe ba ta san yamma ba.

Ba duka ƙwan ne suka tsira ba. Da aka sake haska su, da yawa duhun cikinsu ya tsaya cak, ba motsi. Ta ce a fitar da waɗannan kada su fashe su ɓata sauran. Alhaji ya jera su a faranti ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallon su. Ya ce, "Kwanakin nan da na rufe ne, ko?" Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, yayata ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Kwanansu ne ya ƙare, Alhaji." Ya kai su bayan gida da kansa ya binne, bayan ya nuna mini su ɗaya ɗaya a matsayina na shaida. Tun daga ranar na daina jin haushinsa, tausayinsa ma nake ji.

Da sati uku ya kusa cika, ta ce a cika tasa da ruwa, a daina juyi, kuma kada a sake buɗe injin ko da wasa. Dama tun yana raye Malam ya yanka murfin ya sa masa gilashi, ta nan kawai za a riƙa leƙawa. Alhaji ya ce to. Aiki ya ƙare, amma bai koma Miga ba. Yakan buɗe ɗakin, ya jawo kujera 'yar tsugunne, ya zauna gaban gilashin da carbinsa.

Wata safiya da hantsi ina wanke-wanke na ji ya ƙwala kira, shi da ko gaisuwa ba ya ɗaga murya. "Fatsuma! Ikilima! Ku zo, ya fasa!"

Muka taho. Daga bakin ƙofa ana jin ɗan kuka siriri, cui-cui, daga cikin firjin. Ƙwai ɗaya ya huje, ga ɗan baki yana leƙowa yana komawa. Muka tsaya. Hantsi ya wuce, rana ta take, ramin bai ƙaru da wani abin kirki ba. Alhaji ya kasa zama. Ya miƙa hannu wajen murfin.

"Wahala yake sha. Bari in ɓare masa kaɗan."

"Kada ka taɓa, Alhaji."

"Ba ki ji kukansa ba?"

"Na ji. In ka buɗe, iska za ta busar da su duka a cikin ɓawo. In ka ɓare masa, jini zai zuba, bai gama shiri ba. A bar shi a rufe."

Ya juyo ya dube ta, ransa a ɓace. Ta dube shi ita ma, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ba mai buɗewa." Tsohon ya janye hannunsa, ya soka shi a aljihu, ya koma ya zauna. Ina ganin leɓensa na motsi, kuma na tabbata addu'a yake yi wa ɗan tsako.

Sai bayan la'asar ɓawon ya rabe biyu. Wani jiƙaƙƙen abu ya faɗo, ya kwanta kamar matacce, Alhaji ya dafe kai. Can tsakon ya ɗaga wuya, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya sake tashi. Washegari da safe sun zama takwas, sun bushe, sun yi luf-luf, suna tattaka ɓawo. Sauran ƙwan ba su yi komai ba, sun zama baragurbi.

Da ta ba da izini aka buɗe, Alhaji ya ɗauko ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Ya tsura masa ido. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa ƙafafunsa, ya ɗauko wani ya duba, ya sake ɗauko wani.

Ya ce, "Durgu ne." Muryarsa ta sauya. "Fatsuma, waɗannan kajin Inna ne?"

"Su ne, Alhaji."

"Namu na Miga sun ƙare tuntuni. Na ɗauka irin ya ɓace." Ya leƙa tsakar gida. "Iyayen fa? Ban gan su a gidan ba."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya tuna tuwon jajiberin uku da naman da aka kai zaure, na ga lokacin da ya tuna. Ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya goge fuska da hannun riga.

Sannan ya yi abin da ban zata ba. Ya tattaro gaban babbar rigarsa ya yi zurfi da shi, ya kwashe 'yan tsakin nan duka takwas ya zuba a ciki. Ya tsallako bakin ƙofar da ya rantse ko allura ba za ta wuce ba. Yayata ta zauna a kan tabarma a inuwar bango, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya juye mata su a gaba.

Ya ce, "Ikilima, ki shaida. Ni Misbahu na fitar da su da hannuna. Amana ce a wurin Fatsuma har ranar rabo. Wanda duk yake da magana ya same ni."

Na ce na shaida.

'Yan tsakin suka bazu a kan tabarma da gajerun ƙafafunsu, suna tsattsagar zanen jikinta. Ɗaya ya hau gefen hijabinta ya zame, ya sake hawa, har ya samu tafin hannunta ya lafe. Ta yi murmushi, karo na farko tun ranar. Ta juya kanta wajen ɗakin da ke buɗe, ta ɗaga murya yadda ta saba kiran sa in abinci ya sauka.

"Malam, fito ka ga, sun..."

Ta tsaya. Daga cikin ɗakin ba a jin komai sai fankar injin da ba wanda ya tuna ya kashe. Ta rufe tsakon da ɗaya hannun, ta kifa kanta a gwiwa, kukan da ta riƙe tun ranar da aka fita da shi ya ƙwace mata. Na tashi zan rarrashe ta, Alhaji ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Ƙyale ta. Kada ki taɓa." Ya zauna a ƙasa nesa kaɗan, yana tare 'yan tsakin da hannu kada su bar tabarma.